Sandar da Ta Tokare Injin Allura

Allura ake ce masa, ba kuwa don yana ɗinki ba. Babansa ne ya laƙaba masa sunan tun yana rarrafe, saboda ɗan siriri ne mai dogayen yatsu, babu ramin da ba ya zura su ya ji abin da ke ciki. Yayansa kuwa Guduma aka sa masa, shi ma ba a yi masa ƙazafi ba. Ƙofa ce ta ƙi buɗuwa, ko kare ne ya ƙi tashi daga hanya, ko ƙanensa ne ya yi jinkirin amsa kira, magani ɗaya Guduma ya sani.

Shagon babansu yana ƙarƙashin wani tsohon bene, tsakanin wata mai ɗinki da wani mai sayar da fenti. Ɗaki ne ɗan tsukuku: tebur biyu, benci ɗaya na masu jira, sai fanka da ƙararta ta fi iskarta yawa. A nan tsohon ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga wa mutane takardu da tafireta, a nan kuma Allura ya sha mafi yawan dukan da ya sha a duniya. Tsohon ba mugu ba ne, sai dai yana da irin sanyin nan mai ban haushi. Guduma zai danne ƙanensa a bayan tebur yana jibga, shi kuwa ko ɗago kai ba zai yi ba, sai ya ce, "Kai, ku bari mana," kamar su biyun ne ke yi. In yaron ya koma gida da kumburarren baki, Innarsu ta gasa masa da ruwan zafi tana cewa, "Yi haƙuri, yayanka ne." Da wannan magana aka yaye shi, da ita ya yi gemu.

Akwai wata ɗabi'a ta Guduma da duk layin suka sani. Tun ranar da ya naushi ƙeyar Allura ya targaɗe yatsa, bai sake dukan kowa da tsurar hannu ba. In ransa ya ɓaci, idonsa na kan wanda zai daka, hannunsa kuwa ya tafi shi kaɗai yana lalube, duk abin da ya fara taɓawa shi ne. Rula ce, ƙafar kujera ce, kwalba ce, bai sani ba sai bayan ya gama. Allura yana da haƙori guda da kwaɗon ƙofa ya ɓantare, da kunnen hagu da ba ya ji sosai tun ranar da murfin tafireta ya same shi.

Da zamani ya juya wa tafireta baya, tsohon ya sayo wani inji na hannu, babba, mai launin toka, wanda sai da ƙarti suka kama kafin ya hau tebur. Irin mai aiki biyu ne a jiki ɗaya, firinta a ƙasa, sikana a sama. Ka kifa takarda a kan gilashi, na sama ya ɗauki hotonta, na ƙasa ya fito maka da irinta da ɗuminta. Tsohon tsoronsa yake ji, da ɗan yatsa ɗaya yake danna shi yana ja da baya. Allura kuwa, wanda a lokacin ya zama saurayi, ya samu abin da ya fi so a duniya. Ya kwance shi ya ɗaura, ya sake kwancewa, har ya san shi kamar yunwar cikinsa.

Yakan ce waɗanda suka ƙera injin nan sun yi tunani, sun kuma yi rowa. A sama, ƙarƙashin gilashi, akwai doguwar fitila da ke tafiya a kan sandar ƙarfe, wani siririn bel mai haƙora yana jan ta gaba da baya. A ƙasa akwai rolar roba masu jan takarda, da gangar da ke ɗaukar baƙar hodar da ke zama rubutu, da wani wuri mai zafi da ke manna hodar. Saman gaba ɗaya zaune yake a kan ƙasan, hinji biyu suka haɗa su ta baya, yadda murfi ke haɗe da akwati. In takarda ta maƙale, sai ka ɗaga saman duka, da gilashinsa da fitilarsa da firam ɗinsa na ƙarfe, ka zura hannu. Nauyi gare shi ba na wasa ba, shi ya sa suka yi masa ƙafa ta roba mai sifirin a ciki, wadda ke tokare shi, in kuma za ka rufe ta sauke shi a hankali kamar tsohuwa za ta zauna. Wannan shi ne tunanin. Rowar kuwa, ƙwaƙwalwa ɗaya suka ba su su biyun, ɗan allo guda a bayan firintar, sai wata waya mai faɗi kamar kintinkiri da ta ratsa ta cikin hinjin hagu ta hau sama. Da ka kunna, sai fitilar sama ta motsa ta nemo mazauninta ta ba da amsa, sannan na ƙasa ya yarda ya ɗumama. In sama bai amsa ba, ƙasa ko tari ba zai yi ba.

Guduma a lokacin ya zaga ya dawo. Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi yaron mota, ko'ina da jini ya baro. Tsohon ya ce ya zauna a shago ko Allah zai sa ya natsu. Bai daɗe ba takarda ta maƙale masa a gaban mutane. Ya ɗaga saman, ya fizgi takardar ta yage, ya zagi injin ta uwa ta uba, sannan ya maka saman ƙasa da iya ƙarfinsa, bai jira ƙafar ta sauke shi ba. Ƙas! Sifirin ya yi tsalle sai shagon mai ɗinki. Allura ya zaga kasuwar kayan gyara har takalminsa ya cinye, bai samu irin ƙafar ba. Sai ya yanko guntun sandar burushin shara, ya sassaƙe kanta ya yi mata baki, ya naɗe gindin da roba don kada ta zame. Tun daga ranar haka yake aiki: ya ɗaga, ya tokare, ya girgiza sandar ya ji ta zauna, sannan ya zura hannu. Shekaru suka shuɗe sandar na nan, har ta yi santsi ta yi baƙi da hoda.

Sai tsohon ya rasu. Masu gaisuwa ba su gama watsewa ba Guduma ya ce a raba, kuma da ya ce a raba, rabawa yake nufi. Ya sa aka ja bango a tsakiyar falon gidan, taga ta faɗa gefe ɗaya, ƙofa ta faɗa ɗayan. Tebur biyu na shago kowa ya ɗauki ɗaya, wannan da sauƙi. Benci ɗaya ne, sai ya aro zarto ya datse shi a tsakiya, kowa ya tashi da guntu mai ƙafa biyu da ba ya tsayuwa balle a zauna. Mai ɗinki ta leƙo ta ga aikin, ta koma tana dariya har da riƙe ciki. Saura inji.

Guduma ya riga ya kama wata rumfa a tsallaken titi, ya kuma taɓa ganin firinta ita kaɗai tana aiki a wani ofis, don haka a wurinsa magana ta ƙare.

"Inji biyu ne," in ji shi. "Ka kwance. Ka riƙe na saman tunda kai ne mai son goge gilashi, ni ka ba ni na ƙasa."

"Yaya, ba biyu ba ne. Kama da biyu ya yi."

"Ni za ka koya wa ƙirga?"

"Zo ka gani da idonka."

Allura ya kashe injin, ya buɗe bayansa, ya zare wayar nan mai faɗi a hankali da farce, ya kunna. Injin ya yi ƙara, ya kawo jar fitila, ya yi tsit. Ya danna, ya sake dannawa, ko motsi. Da ya mayar da wayar sai fitilar sama ta yi tafiyarta, ƙasa ya ɗumama ya fara gurnani.

"Ka gani? In na raba su, ka kwashi gawa, ni ma na kwashi gawa. In kana so ka ɗauke shi ɗungurungum ka kwana biyu da shi, ka dawo mini da shi ni ma in kwana biyu. Ko mu zauna tare kamar da."

"Wato kai ga mai wayo ko? Ka taɓa wani abu a baya, ka ce mini ya mutu."

Hannun Guduma ya riga ya tafi lalube. Abin huda takarda ya samu, na ƙarfe, ya kwaɗa wa Allura shi a gira. Jini ya rufe wa Allura ido ɗaya, amma bai kauce daga gaban injin ba, shi kansa abin ya ba shi mamaki. An raba falo bai ce uffan ba, an datse benci bai ce uffan ba, tun da ya zo duniya bai taɓa ce wa wansa a'a ba. Amma injin nan shi ne abincinsa, shi ne abu ɗaya da ya taɓa jin maganarsa, a cikinsa kaɗai yatsunsa ke da daraja. Ya gwammace a fasa masa ɗaya girar da a taɓa shi.

"Ka kashe ni in ka ga dama," ya ce. "Ba zan kwance ba."

"Za ka kwance," in ji Guduma. "Zan zo da baro."

Ya kuwa zo. Da hantsi ne, rana ta cika shagon, wata malamar makaranta na tsaye tana jiran a buga mata takardun jarrabawa, sai duba agogo take. Takarda ta maƙale can baya, dab da hinji, inda ya fi ko'ina matsi. Allura ya ɗaga, ya tokare, ya girgiza sanda, ya zagaya gefe ya zura yatsun dama ta inda firam ɗin sama ke haɗuwa da na ƙasa. Ya lallaɓa takardar ta fito ke nan, yana laluben ko ta bar guntu, sai ya ji ƙarar baro a bakin ƙofa.

"Cire hannunka ka ɗauko sukundireba," in ji Guduma.

"Bari in sallami malama, Yaya."

"Na ce ka kwance. Yanzun nan."

Da Allura ya yi shiru kamar yadda ya saba, da ƙila labarin ya sauya. Amma girarsa na zogi, ga baƙuwa na kallo, ga haushin shekaru ya taru masa. Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Bencin da ka raba, ka samu ka zauna a kai kuwa?"

Malama ta san zancen benci, duk layin sun sani. Dariya ta kufce mata, 'yar ƙarama, ta yi saurin toshe baki, amma ta makara.

Taku ɗaya Guduma ya yi ya iso. Ya dafa saman injin da hagu, ya sakar masa nauyinsa duka don ya ranƙwafo kan ƙanensa, idonsa a kan ƙeyar Allura. Hannun dama ya tafi lalube. Ya bi tebur bai samu komai ba, don Allura ya koyi kawar da ƙarafa in yana tsammanin wansa. Ya ci gaba. Allura ya waigo ya ga yatsun nan masu kauri sun naɗe sandar.

"Yaya, ba wannan ba! Yaya!"

Ƙarar ba ta yi yawa ba. Wani ƙum ne mai nauyi da ƙaras a cikinsa, sai gilashi ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Bakin ƙarfen ya sauko da nauyin sikana da nauyin ƙato a kansa, kuma dab da hinji ba dannewa yake ba, yanka yake kamar almakashi. Allura ya buɗe baki, ihun ya ƙi fita. Abin takaicin, Guduma bai ma san abin da ya yi ba. Sanda ya samu, sanda kuwa ta duka ce. Ya zabga wa ƙanensa a gadon baya, ya ƙara a kafaɗa, ya ƙara a wuya, yana mamakin yadda yau yaron ya ƙi gudu, kuma duk bugun da ya kai, hagunsa na ƙara danna murfin. Sai da malama ta kurma ihu tana nuna tebur, ya duba ya ga jini na bin gefen injin yana ɗiga a kan ƙafarsa. Sannan ya dubi abin da ke hannunsa.

Mai ɗinki ce ta faɗo shagon a guje ta bangaje shi, ita da mai fenti suka ɗaga saman. Allura ya zaro abin da ya rage. Da suka saki murfin ya rufu, injin ya ɗauka an gama gyara, ya yi gurnani ya ja takarda, ya turo wa malama tambayoyin jarrabawarta da jan zane daga sama har ƙasa.

Kafin a samo mota layin ya cika. Mutanen da Guduma ya taɓa fasa wa kai, da waɗanda ya taɓa zagi, har da 'yan wucewa da ba su san kan zancen ba, duk suka rufar masa a bakin shago. Mai ɗinki da doguwar rularta ta katako, mai fenti da gwangwani cike, wani da dutse. Suka fasa masa baki, suka karya masa haƙarƙari, suka ja shi a kwalta. Bai rama ba, ko fuska bai kare ba. Allura na kwance a bayan mota da hannu naɗe cikin ƙyallen ɗinki yana kallo ta taga, kuma maganar gaskiya daɗi ya ji. Bai ce a bari ba.

Likita ya cire manuniya da ta tsakiya, ya ɗinke babban yatsa ya bar shi a sandare. Inna ta zo asibiti da kwanon abinci, ta zauna a bakin gado tana kuka, ta buɗe baki ta ce, "Yi haƙuri, ai ya..." Allura ya suri kwanon da hagu ya maka shi da bango. Ba ta sake faɗa masa wannan magana ba har ta bar duniya.

Da ya warke ya koma shago. Ya samo gilashi daga wani mataccen inji ya ɗaura da hagu da haƙora, yana yi yana zagi, sukuru na suɓuce masa yana bin su a ƙasa da gwiwa. Ya wanke rolar da jini ya bushe a kai. Ya kunna, sama ya amsa, ƙasa ya ɗumama. Ba a raba injin ba, babu kuma wanda ya sake ta da zancen. Baron ya yi ta kwana a bakin ƙofa har wani ya yi gaba da shi. Guduma kuwa ya saki rumfarsa, kullum da safe sai ya zo ya zauna a dakalin mai fenti yana fuskantar shagon, ba ya shiga, ba ya gaisuwa. Ya rame, wuyansa ya fito.

Ranar da takarda ta fara maƙalewa, Allura ya ɗaga saman da hagu ya tsaya. Sanda babu, mai ɗinki ta ƙone ta tun ranar da abin ya faru. Hannu ɗaya ba ya riƙewa ya kuma ciro. Ya dubi wurin nan dab da hinji. Sannan, ba tare da ya ɗaga murya ba, ya ce, "Yaya. Zo ka riƙe."

Guduma ya taso kamar an kira shi gaban alƙali. Ya sa hannu biyu ya tallafi saman. Allura ya zagaya gefe, ya ajiye guntun hannunsa na dama a kan bakin ƙarfen, daidai inda idon wansa ba shi da wurin kallo sai nan, ya zura na hagun ciki. Ya ɗauki lokacinsa.

Shekaru ke nan, duk su biyun sun yi furfura. Ba a sake jin Guduma ya daki kowa ba. Hannunsa na dama har yanzu yakan motsa in ransa ya ɓaci, sai ya cusa shi a aljihu. Mutanen layin na cewa 'yan'uwa sun shirya, har suna ba 'ya'yansu misali da su. Mai ɗinki kaɗai ta san ba haka ba ne, don tana tsaye ranar da wani mai kayan gyara ya kawo wa Allura ƙafar da ya daɗe yana nema, sabuwa fil a ledarta, da sifirin ɗinta. Allura ya karɓa ya yi godiya ya jefa ta a durowa. Tana nan har yau.

"Kai ba ka tsoron Allah," ta ce masa wata rana, ta rage murya don kada na dakali ya ji. "Mutumin nan ya tsufa, hannunsa rawa yake. Ka ɗaura abin nan mana. Rannan ina kallonka, takardar ta fito tun tuni, kana ta shafa rola kana ja masa rai, shi gumi na zuba masa a ido. Wallahi wata rana zai saki."

"Na sani," in ji Allura.

"To me kake jira?"

Sai injin ya yi ƙara ya kawo jar fitila. Guduma ya riga ya miƙe daga dakali yana goge tafukansa a riga don kada gumi ya sa su santsi. Ya shigo ya tallafa. Allura ya ɗora guntun hannunsa a bakin ƙarfe, ya zura ɗayan, ya fara lalube a hankali, ba gaggawa. Gwiwar hannun Guduma ta fara karkarwa, numfashinsa na fita da ƙarfi, idonsa a kan tabon.

"Ɗaga sama kaɗan, Yaya," in ji Allura. "Ba na gani."

Guduma ya ɗaga.